Banki ya ƙi ba ni rance, dillali ya ce zai samo mini: in amince da shi?

Mai Neman Shawara ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da ƙaramar sana'a ta ɗinki, kuma na nemi rance a bankin da nake ajiya domin in sayi injin da zai ba ni damar karɓar manyan ayyuka, waɗanda a yanzu nake mayarwa saboda ba ni da kayan aikin da zan kammala su a kan lokaci. Bayan na cike takardu na jira, sai aka aiko mini da saƙo cewa ban cika sharuɗɗa ba, ba tare da an faɗi wane sharaɗi ne ban cika ba.

Ba a jima ba wani mutum ya kira ni a waya, ya ce shi dillalin rance ne, ya san manya a bankuna da dama, kuma tabbas zai samo mini kuɗin ko da an ƙi ni a wani wuri, amma sai na fara biyan kuɗin buɗe fayil da na inshora kafin a saki rancen. A ɗaya gefen kuma akwai wani kamfani mai ba da rance ta manhajar waya, wanda ya ce zai ba ni kuɗin a ranar da na nema, ba jingina ba mai tsaya mini, a kan kuɗin ruwa kashi 10 cikin ɗari a kowane wata har tsawon wata shida, za su kuma cire kashi 5 tun farko a matsayin kuɗin hidima. Ina roƙon waɗanda suka san wannan harka su faɗa mini gaskiya: shin akwai dillalin da ya cancanci a biya shi kafin a ga kuɗi, kuma shin kashi 10 a wata abu ne da sana'a irin tawa za ta iya ɗauka?

Tsohon Ma'aikacin Banki ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi shekaru ina duba takardun masu neman rance, don haka zan fara da abin da mutane suka fi tsallakewa, wato dalilin da ya sa aka ƙi ka. Kafin ka saurari dillali ko ka buɗe wata manhaja, koma bankinka ka nemi ganin jami'in da ke kula da rance, ka tambaye shi cikin ladabi wane sharaɗi ne ya kayar da buƙatarka. A wasu ƙasashe ma doka ce ta ba ka wannan haƙƙi. A Amurka, misali, wanda ya ƙi ba ka rance dole ne ya sanar da kai dalili ko ya faɗa maka cewa kana da ikon neman dalilin. Ko inda dokar ba ta kai haka ba, yawancin jami'ai suna faɗa wa mutum idan ya tambaya, domin ba asiri ba ne.

Dalilan ba su da yawa. Ko dai cinikinka ba ya bayyana a asusunka saboda kana karɓar kuɗi a hannu kana kashewa a hannu, ko abin da ka nema ya fi ƙarfin abin da ke shigo maka a wata, ko akwai tsohon bashi da ke rubuce da sunanka a wurin kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, ko kuma takardunka ne ba su cika ba. Irin waɗannan kamfanoni, kamar Experian da Equifax da TransUnion da takwarorinsu a ƙasashe daban-daban, su bankuna ke tambaya kafin su yanke hukunci, kuma kana iya neman rahotonka ka karanta da kanka. Wani lokaci za ka tarar da bashin da ka riga ka biya amma ba a goge shi ba, ko bashin wani mai suna irin naka da aka jingina maka, kuma gyara wannan ya fi kowane dillali amfani. Abin da nake so ka riƙe shi ne, dillali ba ya canza ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai. Idan ya tura sunanka wurare biyar a mako ɗaya, kowane wuri zai duba tarihinka, kuma a tsarin da ake rubuta irin wannan dubawa, wanda ya zo daga baya zai ga mutum ne da ke ƙwanƙwasa kowace ƙofa, sai ya ƙara ɗari-ɗari da kai.

Game da mutumin da ya kira ka kuwa, ba zan ɓoye maka ra'ayina ba: kada ka tura masa ko sisi. Abubuwa biyu da ya faɗa sun isa. Na farko, ya ce tabbas za a ba ka, alhali babu mai ba da rance na gaskiya da zai yi alkawari kafin ya duba takardu. Na biyu, ya nemi kuɗi kafin rance ya fito. Wannan salon damfara tsoho ne kuma iri ɗaya ne a ko'ina: ka biya kuɗin fayil, sai a ce saura na inshora, ka biya wannan, sai a ce haraji ya tsayar da kuɗin, kuma duk lokacin da ka biya sai ka ji ba za ka iya janyewa ba saboda abin da ka riga ka zuba. Daga ƙarshe wayar ta daina shiga. Kuɗin hidima na gaskiya ana rubuta shi ne a cikin takardar yarjejeniya, a biya shi ga kamfanin da ya ba da rancen bayan an amince, ba a asusun wani mutum ba. Ka kuma tambayi kanka yadda aka yi ya sami lambarka a daidai lokacin da aka ƙi ka. Sau da yawa shafukan intanet da ke cewa ka cike fom su haɗa ka da masu rance ba sa ba da rance ko kaɗan, sayar da sunaye da lambobin mabuƙata ne sana'arsu.

Yanzu mu zo ga lissafin manhajar, domin a nan ne ido ke yaudarar mutum. Mu ɗauka ka ci bashin 100,000, ko da wane irin kuɗi ne. Idan kashi 10 ɗin a kan uwar kuɗin gaba ɗaya ake lissafa shi kowane wata, kamar yadda irin waɗannan kamfanoni suka saba, to kuɗin ruwan wata shida 60,000 ne, za ka mayar da 160,000, wato kimanin 26,667 a kowane wata. Amma ka lura, a wata na biyar ka riga ka biya mafi yawan uwar kuɗin, duk da haka ana ci gaba da cajin ka kamar 100,000 ɗin na hannunka. Idan aka lissafa bisa abin da ya rage a kanka a zahiri, kuɗin ruwan ya haura kashi 15 a wata. Sannan tun da sun cire kashi 5 tun farko, 95,000 ne ya shiga hannunka, sai lissafin ya haura kashi 17 a wata. Ninka wannan sau goma sha biyu ka ga abin da yake a shekara: ya wuce kashi 200. Dalilin da ya sa ƙasashe da yawa suka wajabta wa masu ba da rance su bayyana kuɗin ruwa a ma'aunin shekara, tare da duk wasu caje-caje, ke nan. Amurka ta kafa irin wannan doka tun 1968. Saboda haka tambaya ɗaya za ka yi wa duk wanda ya miƙo maka rance: nawa ne zai shiga hannuna, nawa kuma zan mayar gaba ɗaya, a rubuce. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye a kan wannan tambaya ya riga ya ba ka amsa.

Uwar Marayu ta amsa:

Ɗan'uwa, abin da Baba ya rubuta a sama gaskiya ne, ni kuma zan ƙara da abin da lissafi ba ya nunawa. Ka ce manhajar ba ta neman jingina ba ta neman mai tsaya maka. Tana nema, sai dai ba ta kira shi da wannan suna ba. Lokacin da kake sauke ta a wayarka za ta nemi izinin shiga jerin lambobinka da hotunanka da saƙonninka, kuma wannan shi ne jinginar. Ƙanena ya karɓi irin wannan rance daga wani kamfani, ciniki ya tsaya masa ya makara da biya, sai ga saƙonni ana aiko mini, ana aika wa surukansa da abokan cinikinsa, ana kiransa ɓarawo, har da hotonsa. Ni ban taɓa sa hannu a wata takarda ba, amma an yi ta kirana ana cewa ni ce na tsaya masa. Kuɗin mun haɗu mun biya, amma abokan cinikin da suka ga saƙon ba duka suka dawo ba, kuma kai da kake sana'ar da amana ce jarinta ka san abin da wannan ke nufi.

Abin ya yi yawa a ƙasashe da dama har kamfanin Google ya sauya ƙa'idarsa a 2023, ya hana manhajojin rance da ke kasuwarsa ta Play shiga jerin lambobi da hotunan mutane. Saboda haka idan aka turo maka manhaja ta WhatsApp ko ta saƙon waya aka ce ka sauke ta kai tsaye, ka san cewa mai yiwuwa wannan ƙa'ida ake gudu.

Abu na biyu shi ne abin da suke kira ƙarin wa'adi. Idan ranar biya ta zo ba ka da kuɗi, za su ce ka biya kuɗin ruwan kawai a ɗaga maka zuwa wani wata, sai ka ji kamar sun tausaya maka, alhali uwar kuɗin tana nan ba ta ragu ba. Daga nan ne mutum ke fara cin bashi a manhaja ta biyu domin ya rufe ta farko, ta uku domin ta biyu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka ba abin kunya ba ne mutum ya nemi rance. Abin da nake jin tsoro shi ne irin wanda aka tsara shi domin kada ya ƙare.

Mai Dillanci ya amsa:

Malam, ni wannan sana'a nake yi, kuma ina ganin ya kamata a ji ta bakinmu, domin ba kowane dillali ne macuci ba. Na yarda da Baba a kan mutumin da ya kira ka, wannan ba abokin sana'armu ba ne. Amma akwai aikin da dillali na gaskiya ke yi: ya san wane kamfani ne ke karɓar masu ƙananan sana'o'i, wane ne ba ya kallon wanda ba shi da albashi, wane ne ke ba da rancen sayen kayan aiki, sai ya kai ka inda ya dace maimakon ka yi ta yawo ana ƙin ka. Yana kuma taimaka maka ka tsara takardunka. Wannan aiki ne, kuma ana biyan sa.

Sai dai ina so ka san yadda muke samun kuɗinmu, domin a nan ne ya kamata ka buɗe ido. Mafi yawan lokaci kamfanin da ya ba da rancen ne ke biyan mu la'ada, kuma la'adar ba ɗaya ba ce a kowane kamfani. Wanda kuɗin ruwansa ya fi tsada yakan fi biyan dillali, saboda haka dillalin da ba ya tsoron Allah zai kai ka inda ya fi masa riba, ba inda ya fi maka sauƙi ba. Ka tambayi duk dillalin da ka zauna da shi: wa ke biyan ka, nawa ake biyan ka, kamfanoni nawa kake hulɗa da su, kuma kana da lasisi daga hukumar da ke sa ido a kan harkar kuɗi? Ka karɓi lambar rajistarsa ka duba da kanka a shafin hukumar, kada ka wadatu da hoton takardar da ya nuna maka a waya. Idan zai caje ka wani abu, a rubuta nawa ne, yaushe za a biya, da abin da zai faru idan rancen bai samu ba. A Birtaniya doka ta ce idan wata shida suka wuce ba a ƙulla rancen ba, dillali zai mayar da abin da ya karɓa, fam 5 kawai zai riƙe. Ko da ƙasarka ba ta da irin wannan doka, babu abin da ya hana ka sa wannan sharaɗi a takardar da za ku sa wa hannu.

Abu ɗaya kuma da ba zan taɓa yarda da shi ba: idan dillali ya ce zai gyara maka takardun asusu su nuna cinikin da ba ka yi ba, ko ya samo maka takardar albashi alhali ba ka aikin albashi, tashi ka bar wurin. Sunanka ne a kan takardar, kai ne za ka amsa laifin zamba idan aka gano, shi kuwa ya riga ya karɓi la'adarsa. Haka nan kada ka ba kowa lambar sirrin katinka ko lambar da banki ke turo maka ta waya, ko da ya ce tantance ka zai yi.

Mai Neman Shawara ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma bankin kamar yadda Baba ya ce, kuma jami'in ya faɗa mini cewa matsalar ita ce cinikina ba ya bi ta asusu, don haka ba su da abin da za su auna ƙarfina da shi, sai na yi wasu watanni ina shigar da kuɗin kafin in sake nema. Dillalin na daina ɗaukar wayarsa. Amma ga abin da ke damuna: akwai babban aiki da aka yi mini tayinsa yanzu, kuma idan na jira watannin nan zai wuce ni. Shin ba zai yiwu in karɓi na manhajar sau ɗaya kawai ba, tun da injin zai biya kansa?

Tsohon Ma'aikacin Banki ya sake amsawa:

Malam, wannan tambaya ta fi ta farko nauyi, kuma ba zan ce maka rance mai tsada ba ya taɓa yin amfani ba. Amma maganar cewa injin zai biya kansa dole ne a mayar da ita lissafi. A misalin da na ba ka, kowane 100,000 da ka ranta yana neman 26,667 a wata, kuma biyan farko zai zo ne bayan kwana talatin, ko mai aikin ya biya ka ko bai biya ba. To ka zauna ka rubuta ribar da injin zai ƙara maka a wata, bayan ka cire kuɗin yadi da zare da wuta da ladan ma'aikaci, sannan ka rage ta da rabi domin watan da ciniki ya ja baya. Idan abin da ya rage bai kai kuɗin biyan wata ba, to daga abincin gidanka za ka riƙa cikawa. Ka kuma tambayi kanka ko aikin da aka yi maka tayi a rubuce yake, kuma yaushe za a biya, domin manyan ayyuka sukan yi jinkirin biya, rancen manhaja kuwa ba ya jira, tararsa kullum take hawa.

Dubi yadda hukumomi suka ɗauki wannan tara. A Birtaniya, tun daga Janairun 2015, an ƙayyade cewa kuɗin ruwa da cajin rance mai tsada na ɗan gajeren lokaci ba za su wuce kashi 0.8 cikin ɗari a rana ba, tarar makara ba za ta wuce fam 15 ba, kuma duk abin da mutum zai biya na ruwa da caji ba zai wuce adadin da ya ranta ba. Inda babu irin wannan iyaka, takardar da ka sa wa hannu ce kaɗai ke tsare ka, saboda haka ka karanta sashen makara kafin sashen kuɗin ruwa. Ka duba kuma ko ka ba su ikon cire kuɗi daga asusunka duk lokacin da suka ga dama, domin hakan zai iya kwashe kuɗin kayan aiki a ranar da suka shigo, kuma makara ɗaya da aka rubuta a tarihinka za ta lalata shirin da kake yi da bankinka.

Ni da zan ba ka shawara, tun da abin da kake buƙata inji ne ba tsabar kuɗi ba, sai ka nemi injin kai tsaye. Fara da mai aikin: ka nemi kafin alƙalami, kashi ɗaya cikin uku ko rabi, domin wanda ya yarda da aikinka ba zai ga baƙon abu a wannan ba, kuma wanda ya ƙi ba da komai ya nuna maka yadda biyan ƙarshe zai kasance. Sannan ka je wurin masu sayar da injin ka tambayi ko suna bayarwa a biya kaɗan-kaɗan. Za su ɗora riba, amma injin da kansa ne jinginarsu, don haka yawanci sun fi mai rancen da ba shi da jingina sauƙi. Idan kuɗin ruwa yana damun ka ta fuskar addini, bankunan da ke aiki da tsarin Musulunci suna da murabaha, inda banki ke sayen kayan ya sayar maka da riba sananniya da aka tsayar tun farko, da kuma ijara, inda kake hayar kayan. Su ma za su duba asusunka, kuma ribarsu ma sai ka auna ta da tambayar nan ta nawa zan biya gaba ɗaya. Ƙungiyar gama kai ta masu sana'a ita ma hanya ce, ko da yake galibi sai mutum ya ɗan jima yana ajiya a cikinta. Akwai kuma mafi sauƙi duka, wato ka yi hayar injin wani abokin sana'a na tsawon wannan aiki, ka shigar da kuɗin aikin ta asusunka, ya zama shi ne farkon shaidar da bankin ke nema.

Idan ka zaɓi sayen injin a biya kaɗan-kaɗan, ka tabbata takardar ta faɗi wanda ya mallaki injin kafin biya ya ƙare, wanda zai ɗauki nauyin gyara idan ya lalace a cikin wa'adin, da abin da zai faru da kuɗin da ka riga ka biya idan ka kasa ƙarasawa suka zo ɗaukar kayansu. Ka nemi a rubuta cewa kana da ikon biyan ragowar gaba ɗaya kafin lokaci ba tare da tara ba, kuma kowane biya ka karɓi rasit mai ɗauke da kwanan wata da abin da ya rage a kanka.